Kunnen Aro

Shekara talatin da ɗaya ina jingina kunnena
da ƙotar sukudireba,
bakinta a jikin injin dizal.
Fistan in ya gaji, tari yake yi.
Boris in ya fara cin kansa,
sai ya yi kukan ƙofa mai tsatsa.
A garejinmu na Maipú, can gefen Santiago,
ba mai cewa Eleuterio,
sai dai, “Ku kira Mai Kunne.”

Sai aka kawo motocin bas masu lantarki.
Ba hayaƙi, ba ɗigon baƙin mai,
suna shigowa shiru kamar masu zuwa ta'aziyya.
Na kara sukudireba. Babu komai,
sai wani siririn zuuu
da ban san nasu ne ko nawa ba,
don dizal ya daɗe da cin rabonsa a kunnuwan nan.

Millaray Huenchullán ta zo daga Temuco
da kwamfuta a jakar baya.
Ta manna wa kowane inji ’yan ƙwayoyi kamar maɓallan riga,
masu jin rawar jikinsa, da zafinsa,
da yadda yake zuƙar wuta.
Ta ce na'urar za ta koyi gane ciwo.
Na ce, “A wurin wa?”
Ta nuna littafina mai bangon giris,
inda shekara uku nake rubuta
duk wadda ta mutu a hanya, da ranar, da abin da muka tarar.

Da fari ɗalibar ta yi wauta.
Duk motar da ta bi titin duwatsu na Yungay
sai ta ce boris ya lalace.
Muka kwance uku. Lafiya ƙalau.
Na yi dariya har shayina ya zube.
Millaray ba ta yi ba.
Ta tura mini taswira, ta ce in zana mata
duk inda hanya ke girgiza mota.
Na zana har da ramin gaban kantin magani.

Wani dare cikin Yuli,
ƙanƙara ta rufe kan duwatsun Andes,
yatsuna sun ƙi lanƙwasuwa,
ƙarfe uku saura, allo ya yi ja:
mota mai lamba dubu biyu da ɗari da arba'in da bakwai.
Nibaldo direbanta ya rantse da kabarin mahaifiyarsa
cewa tafiya take kamar ruwa.
Na saurara. Na sake. Shiru.
Na'ura ta nace:
cikin jijiyoyin wuta uku,
ɗaya na ɗingishi, da ƙyar, kamar mai ɓoye ƙaya a ƙafa.

Muka sauke injin, ina gunaguni.
Can ƙuryar naɗin jan ƙarfe,
inda yatsa ba ya kai,
fitila ta kama wani baƙin tabo
bai kai ƙwayar wake ba.
Mako biyu, ko uku,
da ya ƙone a tsakiyar hanya
da mutum sittin masu sammakon aiki.

Ana cewa gani ya kori ji.
Daren nan ji ne ya ja gani da hannu.

Millaray ta ɗora yatsu a kan madannai.
“Wane suna zan sa masa?”
Na buɗe littafi, shafi bayan shafi,
babu irinsa.
Na ce, “Rubuta: ciwon da ba ya kuka.”
Ta ce gurbin ba zai ɗauka ba, ya yi tsawo.
Ta sa masa lamba.
Ni na rubuta nawa a littafi.

Sukudirebar tana aljihuna har yau.
In gareji ya watse,
nakan kara ta a jikin injin da allo ya zarga,
in rufe ido, in riƙe numfashi.
Ban ji komai ba tukuna.
Jiya dai, kamar,
kamar wani abu.